Folke Ya Ce Muryarsa Ce

Duk wanda ya taɓa zama a benenmu, Lamba Tara, can bayan garin Göteborg inda taragon lantarki ke juyawa ya koma, ya san Folke Rönnlund ko bai so ba. Ni ne Rebwar, mai shagon aski a ƙasan benen. Shekara ashirin da shida ina aske masa kai, ban taɓa ajiye almakashi ba tare da na ji wata sabuwar bajinta da ya yi a ƙuruciya ba. Ya ce tankar yaƙi ya tuƙa a aikin soja. Waɗanda suka yi aikin tare da shi sun ce dankali ya yi ta ferewa har aka sallame shi.

Folke ne shugaban ƙungiyar 'yan hayar benen, amma inda mulkinsa yake da gaske shi ne ɗakin wanki na ƙasa. Gida arba'in da takwas, injin wanki uku. Kowane gida da ɗan kwadonsa mai lamba, ka maƙala shi a allo a kan rana da sa'ar da kake so. Folke kuwa yana bakin ƙofa da agogo a hannu. Ka wuce da minti ɗaya, sai ka ji a ƙeyarka: "Lokacinka ya ƙare! Kwashe tsummokaranka!" Ya faɗa wa liman, ya faɗa wa mai jego, ya taɓa faɗa wa injin da babu kowa a gabansa.

Matarsa Gunvor 'yar ƙaramar mace ce, ko kafaɗarsa ba ta kai ba. In kun haɗu a matakala, da kai take gaisuwa. Akwai waɗanda suka shekara goma a benen suna zaton bebiya ce.

Bango ɗaya ya raba su da Luwam, 'yar shekara ashirin da biyu, wadda iyayenta suka zo daga Eritrea. Da rana tana aiki a gidan kula da tsofaffi, da yamma ta rufe ɗaki tana haɗa gambarar zamani, abin da matasa ke kira hip-hop. Folke ya rubuta takardar ƙara a kanta sau goma sha huɗu. A ta ƙarshe ya ce kiɗanta ya sa kifin da yake kiwo a kwalba ya daina cin abinci.

To, a watan Afrilu sai Luwam ta saki waƙa mai suna "Ranar Wanki". Ƙarar injin wanki ta mayar kiɗa, ta zuba baitoci a kan zaman bene da ƙamshin girkin maƙwabta da safar da ke ɓata ɗaya-ɗaya. Duk inda za a shiga amshi, sai kiɗan ya tsaya cak, wata murya kamar ta bijimi ta fashe: "Lokacinka ya ƙare! Kwashe tsummokaranka!" Sannan kiɗan ya dawo ya daki ƙirjin mutum.

Kowace Juma'a ake fitar da jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Sweden. Makon farko tana ta arba'in da ɗaya. Na biyu, ta goma sha biyu. Direbobin tarago suka fara faɗa wa fasinja maganar a tashar ƙarshe, malamai suka riƙa faɗa wa ɗalibai in lokacin jarrabawa ya cika. Da aka shiga mako na shida, waƙar tana lamba ɗaya.

Ranar nan Folke ya banko ƙofar shagona.

"Rebwar! Kashe injin nan ka miƙe tsaye. Lamba ɗaya ya shigo shagonka."

Seppo, tsohon maƙerin jiragen ruwa ɗan Finland, wanda ke wuni a kujerar bakin ƙofa yana shanye mini kofi, ya ɗago ido. "Luwam tana bayanka ne? Ban gan ta ba."

"Luwam! Cire muryata daga waƙar nan, me ya rage? Injin wanki da yarinya tana surutu."

Na ce, "Ba kai ne mai takardu goma sha huɗu ba?"

"Horo ne wannan. Da ban takura mata ba, da ta dage? Kowace takarda darasi ce."

"Kifin fa?"

"Kifin ya warke. Yanzu har rawa yake yi."

Abin da ya ƙara rura shi, wani gidan rediyo ya sanar zai zo dandalin unguwarmu Asabar ta sama, da kyamarori, Luwam ta rera waƙar kai tsaye duk ƙasa na ji. Washegari Lahadi kuma zaɓen ƙungiyar 'yan haya, rabin benen sun riga sun sha alwashin sauke Folke. Shi kuwa ya riga ya haɗa biyun wuri ɗaya.

"Daga sama zan sauko," in ji shi. "Daidai wurin amshi. Jama'a su ɗaga kai su ga mai muryar da idonsu. Washegari mu ga mai ƙarfin halin ɗaga hannu ya ce a sauke ni."

"Daga sama?" in ji Seppo. "Mutuwa za ka fara yi?"

Ana cikin haka Luwam ta zo wucewa da jakar aikinta. Folke ya leƙa ya yafuto ta, ya zayyana mata shirin. Yarinya ta saurara, fuskarta tana sauya launi.

"Kawu Folke, don Allah kada ka wahalar da kanka. Ba muryarka ba ce."

"To ta wa ce?"

"Na yi wa mai ita alƙawari ba zan faɗa ba."

Folke ya juyo ya kashe mana ido. "Kun ji? Kare ni take yi daga 'yan jarida. Tarbiyya ke nan. Je ki huta, 'yata, ranar Asabar ki bar mini nauyin."

"Wane nauyi? Kawu, wallahi kada ka matso kusa da dandamalin nan."

Ta tafi tana waiwaye. "Kunya," in ji Folke. "Ba kowa ke iya tsayawa kusa da malaminsa ba."

Litinin aka fara da gashi. Ya ce in mayar masa da shi ruwan zinariya. Na ce gashin da ya rage masa ba zai jure ba, ya bari. Ya ce ni mai askin ƙauye ne, ban san abin da ake yayi ba. Ya sauka ɗakin wanki, ya ɗebo ruwan da ake faranta zanen gado da shi, ya haɗa da wani abu da ya gani a waya. Da azahar ya dawo da tawul a ka. Da na kware, gefen dama kore, gefen hagu ruwan lemo, tsakiya kuwa ya biyo tawul ɗin.

Seppo ya daɗe yana kallo. "Tutar wace ƙasa ce?"

Dole na aske duka, sai ɗan abin da ya tsira a ƙeya. Ya ce a nan in zana masa lamba ɗaya, babba, yadda kyamara za ta gani. Na ja layi tsaf daga ƙasa zuwa sama. Ina kaiwa ƙarshe sai atishawa ta ƙwace masa, reza ta zarce gefe.

"Yaya ta fito?" in ji shi.

"Bakwai," in ji Seppo.

"Ƙarya kake!"

"To, har yanzu kana cikin goma na farko."

Talata, sarƙa. Ya ga masu gambara na rataya ƙatuwar sarƙar zinariya, shi ma ya ce sai ya rataya. Ya je allon wanki ya kwashe kwadunan nan arba'in da takwas da babban makullinsa na shugaba, ya fesa musu fenti ruwan zinariya har lambobin suka ɓace, ya jera su a sarƙar keke. Laraba da safe mutum shida suka sauko da kwandunan wanki, kowa ya ce sa'arsa ce. Allo wayam. Maman Luwam da wani ɗan Chile na hawa na huɗu suka riƙe murfin inji ɗaya suna ja, kowa na zagi da harshen kakarsa. Wata tsohuwa ta zauna a kan injin tsakiya ta ce sai dai a wanke ta tare da kayan. Folke ya sauko ya ce ɓarayi ne suka shigo, zai kafa kwamitin bincike. Yana magana, ƙirjinsa na kacau-kacau a ƙarƙashin riga, fenti na fitowa ta wuyan rigar.

"Folke," in ji maman Luwam, "me ke kuka a jikinka?"

"Tsufa," in ji shi, ya haura da sauri.

Daga nan sai atisayen murya. Ya shiga ɗakin ajiye kekuna ya rufe, ya yi ta kwarara magana ɗaya daga safe har la'asar. Karnukan benen suka amsa, jarirai suka amsa. Alhamis muryar ta dushe. Juma'a ya zo shagona yana magana kamar ana jan kujera a kan siminti.

Seppo ya ce a ƙasarsu wannan ba ciwo ba ne. Ya ce Folke ya shiga ɗakin turara jiki da zafi har sai ya ga taurari, ya fito ya faɗa ruwan sanyi, ya tauna tafarnuwa bakwai. Ban sani ba ko da gaske Seppo yake, don fuskarsa ɗaya ce ranar biki da ranar jana'iza. Folke ya yi duka, har ya ƙara tafarnuwa uku don a san shi ba ƙaramin mutum ba ne. Da ya dawo na ce ya gwada. Ya cika ƙirji, ya buɗe baki. Abin da ya fito, ɗan kyanwa ma sai ya ji kunya.

"Tana hutawa ne," ya raɗa. "Manyan muryoyi haka suke. Gobe za ku ji."

Asabar gari ya waye tas, babu ko ɗigon ruwa, abin da a Göteborg ake ba jikoki labari. Kafin ƙarfe biyu dandali ya cika maƙil. Mutane a kan baranda, a kan rufin tashar tarago, masu sayar da tsiran nama da burodin kirfa sun kafa rumfuna. Na rufe shago muka tsaya gaba ni da Seppo. Gunvor tana barandarta a hawa na huɗu, daidai saman dandamali, tana saƙa kamar ba abin da ya dame ta.

Mai gabatarwa, wata doguwar mace mai jan gashi, ta ce wa ƙasa duka ga unguwar da ta haifi waƙar da ke lamba ɗaya. Luwam ta hau. Na san yarinyar nan tun tana zuwa rakiyar babanta aski, ba mai hayaniya ba ce. Amma da kiɗa ya tashi sai ta zama wata daban. Baitoci na fita kamar ana watsa tsakuwa a kwano, jama'a na tsalle, mamanta na guɗa.

Sai muka ji ƙiii-ƙiii daga bayan shagon magani.

Motar gyaran fitilun titi ce, mai dogon wuya da kwando a ƙarshe. Ma'aikatan sun ajiye ta sun tafi shan kofi, Folke ya ce musu shi shugaba ne, zai kula da ita. Ga shi tsaye a cikin kwandon, da baƙin tabarau, da wando mai faɗin buhu, sarƙar kwaduna na walƙiya, yana murza sandunan tuƙin da ke cikin kwandon.

"Ga direban tanka nan," in ji Seppo.

Ya ja sanda ɗaya don ya hau sama, mota ta yi gaba. Ta ture rumfar mai tsire, tsiran nama suka watse a ƙasa, tsuntsayen teku suka sauko kamar an aika musu goron gayyata. Mai tsire ya bi motar da ƙarfen juya nama a hannu yana ambaton uwar Folke da kakarsa. Folke ya ja sanda ta biyu don ya tsaya, kwando ya harba sama, ya wuce hawa na biyu, ya wuce na uku, ya shiga tsakiyar igiyar shanya ta ɗan Chilen nan. Ya fito da gajeren wando mai ɗigo-ɗigo a kafaɗa.

Luwam ta gan shi. Ta rufe ido ta ci gaba da waƙa. Saura baiti biyu a kai amshi.

Folke ya ga lokaci na ƙurewa, ya ja sanduna biyu a tare. Wuyan motar ya juya da ƙarfi, ya kawo kwandon saman dandamali, sarƙar kwaduna ta maƙale a ƙarfen da aka rataya fitilu. Kwando ya wuce, Folke bai wuce ba. Allah ya taimake shi sarƙar ta zame ƙarƙashin hammatarsa, ya rage yana reto a sama kamar kifin da aka shanya. Wandon buhu ya ga ba abin da ya riƙe shi, ya sulale a hankali, ya tsaya a idon sawu. Ƙasa duka ta ga dogon farin wandon sanyi na ciki, a watan Yuni.

Motar kuwa ba ta tsaya ba sai da tayarta ta hau babbar wayar lasifikoki ta tsinke ta.

Kiɗa ya mutu, daidai wurin da muryar bijimi za ta fashe.

Dandali ya yi tsit. Mai gabatarwa ta dafe kunne, masu kyamara suka ɗaga na'urorinsu sama. Luwam na tsaye da makirfo da ya zama itace, idonta ya ciko. Wannan ce ranarta, ƙasa duka na kallo, ga abin da aka mayar da ita.

Folke, daga inda yake reto, ya ga dama ta samu. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya cika ƙirji, ya buɗe baki.

"Iiii," in ji Folke.

Warin tafarnuwa ya sauko har layi na uku.

Sai muka ji kujera ta faɗi a hawa na huɗu. Gunvor ta ajiye saƙa, ta dafa ƙarfen baranda da hannu biyu, ta dubi mijinta da ke lilo ƙasa da ita kaɗan.

"LOKACINKA YA ƘARE! KWASHE TSUMMOKARANKA!"

Wallahi gilashin shagona ya amsa. Tsuntsayen suka saki tsire suka tashi. Muryar nan ce, ita ce sak, ba lasifika, ba komai. Mutum dubu biyu suka juya lokaci ɗaya suna kallon 'yar tsohuwa mai rigar sanyi ruwan toka.

Luwam ce ta fara farfaɗowa. Ta jefar da makirfo, ta buga ƙafa a dandamali, ta tafa. Jama'a suka ɗauka, ƙafa da tafi, ƙafa da tafi, har ƙasa na motsi. Ta rera sauran waƙar da bakinta kawai, duk inda aka zo amshi sai ta nuna sama, Gunvor ta kwarara daga baranda, dandali ya fashe da ihu. Sau uku aka yi haka. Folke na tsakiya yana juyawa a hankali, in ya fuskanci jama'a a ga tabarau, in ya ba da baya a ga bakwai.

Da aka haɗa waya, mai gabatarwa ta haura har hawa na huɗu da gudu, ta miƙa wa Gunvor makirfo.

"Baiwar Allah, ina kika samo wannan murya?"

"Shekara ashirin ina ba masu injin ɗaga kaya umarni a tashar jiragen ruwa," in ji Gunvor. "A can in ba ka da murya, kwantena ta sauka a kanka."

"Maganar fa? Wa kike faɗa wa?"

Gunvor ta nuna ƙasa da allurar saƙa. "Shi. Kowace safiya yakan shige banɗaki da jarida, ya rataye wanduna a ƙofa, ya yi awa guda. Yarinyar ta jiyo ta bango, ta zo ta roƙe ni. Na ce ta ɗauka, amma kada ta faɗi sunana, ba na son surutu. A bakina ya ara ya kai ɗakin wanki."

Duk wannan ta lasifika, ƙasa duka na ji.

Sai da 'yan kwana-kwana suka zo da tsani suka sauko da Folke. Ƙafarsa na taɓa ƙasa maman Luwam ta cafke sarƙar. "Ashe ga tsufan naka!" Mutanen bene suka yi masa zobe, kowa na neman kwadonsa, ba mai gane nasa. Aka yanke hukunci a nan take: zai zauna a ɗakin wanki ya kankare fentin ɗaya bayan ɗaya. Kwana tara ya yi yana kankara.

Zaɓen Lahadi bai ɗauki minti goma ba. Ɗan Chilen nan ya tsayar da Gunvor. Gida arba'in da bakwai suka ɗaga hannu. Folke ya naɗe nasa a ƙirji, Gunvor ta dube shi sau ɗaya, ya zama arba'in da takwas.

Bidiyon ranar ya zaga ƙasa, waƙar ta ƙara mako biyar a lamba ɗaya. Luwam ta tafi da Gunvor wasanni uku a Stockholm da Malmö, an ce tsohuwar tana zama a gefen dandamali da saƙarta har sai lokacinta ya yi.

Sati biyu ba mu ga Folke ba. Ran nan sai ga shi ya shigo, gashi ya ɗan tofo, murya ta dawo. Ya zauna a kujerar aski ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na ɗaura masa mayafi. Seppo ya kurɓi kofi.

"Na san abin da kuke faɗa a bayana," in ji Folke. "Jahilci ne ke damunku. Ku tambayi duk wanda ya san harkar waƙa, murya irin wannan ba ta faɗowa daga sama. Sai an samu mai fito da ita."

"Kai ke nan," in ji Seppo.

"To wa? Shekara talatin da ɗaya, kowace safiya, rani da sanyi, ina zaune a banɗakin nan ƙafafuna na sagewa, jarida ɗaya in karanta ta sau uku. Kuna zaton daɗi nake ji? Rebwar, gyara mini ƙeyar nan da kyau. Ba kullum kake samun mai horar da lamba ɗaya a kujerarka ba."